Yadda za ka tara kalmomin Turanci na cin Scrabble da Wordle ba tare da ka haɗiye ƙamus ba

Harafi ɗaya tak mutumin nan ya ajiye a kan allon Scrabble, wasan nan na jera haruffa a haɗa kalma a ci maki, Q, ya ce a rubuta masa maki 62. Na ce haba malam, ina U ɗin? Sai ya nuna min da yatsa, akwai I a damansa akwai wani I a ƙarƙashinsa, ga shi gidan da ya ɗora Q ɗin mai ninka harafi sau uku ne, wato QI a kwance 31, QI a tsaye 31. Na rantse na maya cewa wannan ba kalma ba ce, aka buɗe ƙamus sai ga ta zaune daram, wai daga harshen mutanen Sin aka aro ta, ƙarfin rai ne da suka yi imani yana zagaya jikin mutum. Ni kuwa a lokacin ina can ina ta gumi in haɗa wata doguwar kalma ta burga wadda ko maki 20 ba za ta kawo min ba. Tun ranar na gane Turancin jarrabawa daban na wasa daban, kuma na wasan ana koyonsa ne da tsari, shi ne zan zayyana maka yadda na bi.

Kafin komai ku daidaita a kan ƙamus ɗin da za a yi hukunci da shi tun ba a sa hannu a jakar haruffa ba, don rabin rigimar Scrabble daga nan take tasowa. Manya guda biyu ne. Akwai Collins Scrabble Words wanda kusan duk duniya da shi ake gasa, sai na 'yan Amurka da Kanada da ake kira NWL wanda bai kai Collins yawa ba. ZO da CH da JA duk sun halatta a Collins amma a wancan babu su. In kuma Words With Friends kake bugawa a waya to shi ma da nasa jerin, har makin haruffansa ba ɗaya ba ne da na Scrabble, in ka zubar da haruffa bakwai gaba ɗaya 35 yake ba ka na kyauta, Scrabble kuwa 50. Ni Collins nake bi, duk abin da zan kawo a nan ka ɗauka na Collins ne. Ku kuma yanke abin da zai faru in mutum ya ƙalubalanci kalma aka tarar tana nan, a gasar Amurka mai ƙalubalen ne zai yi asarar yi ɗaya sukutum, wato a tsallake shi zagaye guda, a yawancin gasar Collins maki 5 ake ƙara wa mai kalmar.

To sai kalmomi masu harafi biyu. Wallahi in ba za ka haddace komai ba a rayuwarka ka haddace waɗannan, ɗari da ashirin da 'yan kai ne kawai, kuma kusan rabinsu ka riga ka sani, irin su AT, BE, GO, IF, ON, UP. Amfaninsu shi ne su suke ba ka damar jera kalmarka a gefen wata kafaɗa da kafaɗa, kowane harafi ya haɗu da na samansa ya ba da 'yar ƙaramar kalma, sai ka ga yi ɗaya ya haifi kalma huɗu ko biyar kana kwasar maki ta ko'ina. Ɗauki X mai maki 8, in ya hau gidan da ke ninka harafi sau uku ya ba da OX a kwance da XI a tsaye, 50 ke nan cif da 'ya'ya biyu, daidai da kyautar wanda ya wahala ya zubar da bakwai.

Mu masu jin Hausa muna da wata 'yar gata a nan da ban taɓa jin wani ya faɗa ba, da yawa daga cikin ƙananan kalmomin nan rubutunsu ya yi daidai da namu. Riƙe wannan jimlar: ka zo da ja, ba na so. Kowace kalma a cikinta ta halatta a Collins. Ƙara da AI, FA, KI, KO, MA, MU, NE, TA, TO, YA, ZA. Amma fa kar daɗi ya kwashe ka, ga jimlar haram ita ma ka riƙe: ku ji, ku je, ku ci, ku yi. Babu ko ɗaya da za ta tsira in aka ƙalubalance ka, haka NI da SU da WA da GA da SA da FI, ni SU ce ta fi cin amanata, sau biyu ana sa ni kwashe haruffana saboda ita. Sannan V ba shi da kalma mai harafi biyu sam, shi ya sa in kana so ka toshe wa abokin wasa hanya ka ajiye masa V a bakin layi ka koma gefe kana kallo.

Yanzu ga inda nake saɓa wa mutane da yawa. Za ka ji ana cewa ma'ana ba ta da amfani a Scrabble, ai maki ake ƙirgawa, kuma nan take za a kawo maka labarin Nigel Richards ɗan ƙasar Niyuzilan, wanda ya ci kofin duniya na Turanci sau biyar, a 2015 ya je ya cinye gasar Faransanci alhali ba ya jin Faransanci, a 2024 kuma ya maimaita da Sifaniyanci. Gaskiya ne duk an yi. Amma ɗan'uwa kai ba shi ba ne, ni ma ba shi ba ne, kan mutum irin namu ba ya riƙe haruffa tsirara, yau ka haddace jibi sun gudu. In ka san AA wani irin dutse ne mai kaushi da ke samuwa in aman wutar dutse ya huce, kalmar mutanen Hawayi, ko AI wata dabba ce mai shegen nawa mai yatsu uku da ke rataye a bishiya a dazukan Kudancin Amurka, ko ZO jinsin da ake samu in an haɗa saniya da wani sa mai gashi na ƙasar Tibet, to ka sami hoton da za ka rataya kalmar a jiki. KA da BA duk ruhi ne a addinin Misirawan da, MU da XI haruffan Girkanci ne, ZA kuma gajarta pizza aka yi, ba wani abin kirki ba amma maki 11 ne.

Bayan riƙewa, ma'ana ita ke gaya maka abin da kalma za ta iya ɗauka a bayanta, kuma nan ne kuɗin yake. In suna ce galibi tana karɓar S, shi ya sa QIS da ZAS da AAS duk suna tafiya. In aikatau ce galibi za ta karɓi S da ED da ING. In sifa ce gajera ka gwada ER da EST. Wanda bai san ma'ana ba sai ya riƙa manna S a ko'ina kamar makaho da sanda, ya zo kan XU, wani ƙaramin kuɗi na ƙasar Biyetnam wanda jam'insa XU ɗin ne dai, ya ɗora S a kwashe masa. JO kuma masoyi ne a bakin mutanen Sikotlan, jam'insa JOES, sai da E. Irin wannan sanin ne zai sa ka ajiye JAPAN hankali kwance kowa ya taso wai sunan ƙasa ne ba a yarda ba, kai kuwa ka san akwai wani baƙin fenti mai sheƙi da ake kira haka, har aikatau ce, JAPANNED ma tana nan. CHINA kwanukan tangaran ne, TURKEY talotalo. Dokar ita ce ba a karɓar sunan yanka ko na gari da kalmar da aka gajarta da ɗigo da mai karan ɗori a tsakiya, amma in kalmar tana da wata ma'ana ta gama-gari da ake rubutawa da ƙaramin harafi shikenan ta wuce.

Mu koma kan Q tunda shi ya fara kunyata ni. Guda ɗaya ne a cikin 'ya'ya 100, U kuma huɗu ne kacal, in ka zauna jiran U sai wasa ya ƙare Q na hannunka a cire maka maki 10 a ƙara wa wanda ya riga ka gamawa. Maganinsa kalmomin da Q ke tafiya ba U a bayansa, kuma abin daɗin shi ne da yawa daga cikinsu daga Larabci Turawa suka aro, wurin da mu ma muka aro. QADI alƙali ne. QIBLA alƙibla. NIQAB niƙabi, FIQH fiƙihu, WAQF waƙafi, TALAQ saki, SUQ kasuwa, FAQIR kuma faƙiri, duk da su Turawa sun fi nufin mutumin da ya guje wa duniya yake rayuwa da bara. Ka ga wanda ya tashi a Ingila sai ya zauna ya yi haddar waɗannan kamar karatun likita, kai kuwa rubutun kawai za ka koya. Ƙara da QAT, ganyen nan da ake taunawa a Yaman da gabashin Afirka, da TRANQ da QWERTY, ka gama da matsalar Q har abada. Tunda an shigo layin, AZAN da ZAKAT da HIJAB da FATWA da MUFTI da DJINN duk suna ciki kuma dubi irin manyan haruffan da suke ɗauke da su. HAJJ da MUEZZIN, wato ladan, su ma suna nan sai dai J ɗaya ne Z ɗaya ne a jaka, dole ka haɗa da fanko, ɗan nan da ba a rubuta komai a kansa ba mai tsayawa a madadin kowane harafi.

Daga nan sai ƙugiya, haka 'yan wasa ke kiran harafi ɗaya da za ka maƙala a gaban kalma ko bayanta ta koma wata. Kowa ya san S a baya, na gaba ne mutane ba sa gani. RAIN na kan allo, kai kana ganin ruwan sama kawai, gwani yana ganin BRAIN, DRAIN, GRAIN, TRAIN, ga RAINY ta baya. HOST ta zama GHOST, mai masauki ya koma fatalwa. LAUGHTER dariya ce, sa mata S a goshi ta koma SLAUGHTER, yanka. FLAMING ka ƙara O ta zama tsuntsu. Duk sabuwar kalmar da ka koya ka tambayi kanka me ke shiga gabanta me ke shiga bayanta, kar ka wuce sai ka amsa. S kuma guda huɗu ne a duk jakar, fanko biyu, ka daina zubar da su a banza don ƙarin maki biyu, ni in S bai ƙara min kamar takwas zuwa goma ba ina riƙe abina.

Maganar zubar da bakwai gaba ɗaya, wanda ake ce wa bingo, ba sai ka san dogayen kalmomi dubu ba. Alfred Butts, mai zanen gine-ginen da ya ƙirƙiro wasan a Amurka a shekarun 1930, ya raba haruffan ne gwargwadon yadda suke yawan fitowa a rubutu, shi ya sa E goma sha biyu ne, A da I tara-tara, N da R da T shida-shida. Ke nan haruffan da za su fi zuwa hannunka sanannu ne, sai ka koyi kalmomin da suke bayarwa. Fara da RETINA, wato fatar can cikin ido mai karɓar haske, haruffa shida ne, ka riƙa ƙara mata ɗaya kana gani. Da C ta ba da CERTAIN. Da D, TRAINED. Da G, GRANITE ko TEARING. Da M, MINARET, hasumiya ke nan. Da P akwai PAINTER da PERTAIN da REPAINT, da L akwai LATRINE da RELIANT, da H akwai HAIRNET, da S kuwa abin ya zama biki, RETAINS, NASTIER, STAINER, RETINAS da wasu. In ka gama da ita ka koma SATIRE da TISANE ka yi musu haka. Sai ka fara wasa da niyya, in kana da A, E, R, T da W da V da U, ka nemi yadda za ka rabu da munanan ukun ko biyu daga ciki ka bar masu kyau, bingo na zuwa da kansa.

Wata dabara ta hannu, kar ka zura wa haruffa ido yadda suka fito daga jaka, motsa su. In ka ga ING ko ED ko ER ko EST tura su ƙarshen katakon da kake jera haruffanka ta dama, in RE ko UN ko MIS ko OUT ne tura su hagu, sai ya zama haruffa huɗu ko biyar kawai kake warwarewa. Ka san ma'anar ɗafa-goshin ma, RE sake yi, UN warwarewa, MIS yin abu ba daidai ba, OUT kuma fin wani, OUTRUN ka fi shi gudu, OUTLIVE ka fi shi daɗewa a duniya, har OUTEAT akwai, ka fi shi ci. Amma ba kowace aikatau ke karɓa ba, in ka ƙirƙiro taka a gaban wanda ya sani kai ka jiyo.

Ranar da wasula suka cika maka hannu, AUDIO, EERIE, QUEUE, ADIEU, AREA, IDEA, EAU. Ranar da babu wasali ko ɗaya, MYTH, LYNX, CRYPT, HYMN, RHYTHM, NTH, HMM, BRR, da CWM wanda kwari ne tsakanin duwatsu a harshen mutanen Wales. In abin ya ƙi gaba ɗaya ka canza haruffa, asarar yi ɗaya ta fi ka yi huɗu kana jan ƙafa da maki tara-tara.

Akwai ciwon da yake namu sai mun faɗa wa juna gaskiya, P da F. Bakinmu bai raba su ba, to hannu ma sai ya bi baki. A PAN da FAN ko PULL da FULL ba a kama ka don duka biyun kalmomi ne, amma PROOF da PROFIT da PERFECT nan ake tsirara, ga kuma PH da ake karantawa F kamar GRAPH da PHONE. Kar ka yarda da kunnenka a Turanci ko kaɗan, ido za ka ba aiki, harshen da ke rubuta K a KNEE da W a WRIST da B a DEBT da P a PSALM bai furta ko ɗaya ba ai ba abin yarda ba ne. Rubutun Ingila da na Amurka kuwa a Scrabble duk ana karɓa, COLOUR da COLOR, CENTRE da CENTER, ka ɗauki wanda haruffanka suka ba ka.

Yadda nake bita ba wani abin azo a gani ba ne, ɗan littafi ne. Bayan kowane wasa duk kalmar da aka buga min ban sani ba in rubuta ta, ma'anarta da Hausa a gefe, suna ce ko aikatau, sai ƙugiyoyinta gaba da baya. Biyar a rana sun isa, in ka ce hamsin ranar Laraba za ka daina. Dogayen kuma ina rubuta haruffansu a jere bisa tsarin abacada a bayan shafi, misali AEGINRT, washegari in duba in ga ko zan tuno GRANITE, don a kan katako a hargitse za su zo maka. Akwai manhajoji irin su Zyzzyva da Aerolith da ke yin wannan aikin in ka fi son waya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne buɗe shafin warware haruffa ana tsakiyar wasa, satar amsa ce, kuma kalmar da ka sata ba ta kwana a kanka.

Wordle kuma, wasan cankar ɓoyayyar kalma, wata duniya ce, kar ka kwaso mata kayan Scrabble. Josh Wardle ya sake shi ga jama'a a Oktoban 2021, jaridar New York Times ta saye a ƙarshen Janairun 2022, harafi biyar, gwaji shida. Jerin amsoshin da ya fara da shi kalmomi 2,315 ne kuma na yau da kullum ne, saboda haka in kana waswasi tsakanin baƙuwar kalma da wadda ka saba gani a jarida ɗauki ta jarida. Jam'i mai ƙarewa da S kusan ba ya zama amsa, rubutun kuma na Amurka ne, FAVOR ba U. Mutane na son buɗewa da ADIEU don wasula huɗu, ni dai na fi son SLATE ko CRANE, wasali ba ya wuyar canka, baƙaƙe ne ke kashe mutum. Babban ramin shi ne ka sami kore huɗu, wato haruffa huɗu da suka faɗa gidajensu daidai, a IGHT ka ɗauka ka gama, sai ka fara LIGHT, MIGHT, NIGHT, RIGHT, gwaji ya ƙare ashe FIGHT ce ko SIGHT. In ka faɗa irin wannan ka sadaukar da gwaji ɗaya, buga FORMS, ta tambayar maka F da R da M da S a lokaci guda, sai dai in ka kunna tsarin nan mai tsauri da ke tilasta ka riƙe haruffan da ka samu, to nan sai addu'a. ATCH ma haka take, BATCH, CATCH, HATCH, LATCH, MATCH, PATCH, WATCH. Kar kuma ka manta harafi na iya zuwa sau biyu, in ka rasa mafita gwada ninka L ko E ko O ko S.

Wasan cike gidaje na jarida, kuroswod, wanda Arthur Wynne ya fara bugawa a New York World ranar 21 ga Disamban 1913, shi kam ma'ana ce gaba ɗayansa, haddar QI ba za ta cece ka ba. Amsa tana bin siffar tambaya, in tambayar jam'i ce amsar jam'i ce, sau da yawa kana iya sa S a gidan ƙarshe tun ba ka san kalmar ba, in aikin ya wuce ne ka yi tsammanin ED. Sai ka saba da kalmomi masu fuska biyu, LEAD dalma ce kuma jagoranci ne, TEAR hawaye ne kuma yagawa, WIND iska ce kuma naɗewa, ROW layi, tuƙin kwalekwale, ko faɗa. Irin na Ingila ya fi mugunta, da gangan suke ɓatar da kai. Sun taɓa ba ni FLOWER gida huɗu, na jera ROSE da LILY da IRIS babu wadda ta shiga da N ɗin da ke farko, na kwana biyu ina zagin mai tambayar, ashe ba fure yake nufi ba, FLOW ya ɗauka ya ƙara mata ER, abin da ke gudana, kogi, amsar NILE ce. In ka ga NUMBER ma kar ka yi saurin fara ƙirga, yana iya zama NUMB da ER, abin da ke kashe jiki kafin tiyata, gida biyar, ETHER.